Ƙauyen da Ya Fito da Sunan Wani

Ranar da Radim ya fara ganin Vendula, bakinsa ne ya riga idonsa aiki.

A babban ɗakin taro na makarantar koyon sana'a ne, nan garinmu Pardubice, ranar baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da ake yi duk bazara. Tebura sun cika ɗakin, kowanne da ƙaramin garinsa a kai, duwatsun filasta, gadoji, bishiyoyin da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, jirage na ta zagaye. Radim ya tsaya a teburin mujallar Ƙaramar Tasha, ya buɗe fitowar watan, ya ja tsaki.

"Zavadil, Hruby, Vesely," ya karanta sunayen marubutan da ƙarfi. "Tun ina firamare sunayen nan nake gani. Shi ma Ctibor ɗin da aka ƙara ya fara furfura a wurin. Wai wannan mujalla ce ko gidan tsofaffi?"

"Ka taɓa aiko mana da wani abu?"

Ya ɗago kai. Wata budurwa ce zaune a bayan teburin, kyamara rataye a wuyanta, ta soke gashinta da fensir. Tana kallonsa, dariya na neman ƙwace mata.

"Ban taɓa ba," in ji shi.

"To ka ajiye mana mujallarmu, ka je ka rubuto, sannan ka dawo ka yi tsakin."

Idanunta suka ɗauke wa Radim hankali. Yana nan tsaye baki buɗe, wani dattijo mai kaurin gira ya leƙo daga bayan allon talla, burodi a hannunsa.

"Ni ne Vesely ɗin," ya ce. "Ni ne mai gadin gidan tsofaffin. Wannan kuma 'yata ce. Akwai sauran magana?"

Radim ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya sayi mujallar har kwafi biyu don kunya, ya bar wurin yana tuntuɓe. Sai da ya kai ƙofa ya ga an rubuta lambar waya da fensir a bayan ɗaya.

Da yamma ya tura saƙo:

"Ni ne marar kunyar ɗazu. Ki ba Baba haƙuri. Ina da wani ɗan ƙauye a ɗakin saman gidanmu, ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa. Ko za ki zo ki gani?"

Ta amsa:

"Baba ya ce ko da kuɗi ba ya son ganinka. Ni kuma ranar Asabar ba ni da aiki."

Radim haƙoran roba yake haɗawa a wani ɗakin aiki kusa da asibiti, shi ya sa hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa. Vendula kuwa ita ke ɗaukar hotuna da tsara shafukan mujallar mahaifinta, Malam Bohumil Vesely, wanda ya kafa ta tun kafin a haife ta.

Da ta hau ɗakin saman, ya kunna fitila, sai ta dafe ƙirji.

Ƙauyen Lhotka ne kwance a gabanta, yadda yake kafin a rufe tasharsa. Ga cocin, ga shagon da allonsa ya karkace, ga shanya a bayan wani gida. A bakin layin dogo wani ɗan mutum na tsaye da jar hula, ya ɗaga hannu.

"Wannan Babana ne," in ji Radim a hankali. "Shi ke ba jirgi hannu a tashar. Tare muka fara ginin nan, ya rasu ba mu kai rabi ba. Da kayan haƙori na sassaƙa shi, shi ya sa ya fi kowa fari a ƙauyen."

Ta yi dariya, sai ga hawaye. Ta ɗauki hotuna har rana ta yi sanyi.

"Waɗannan naki ne ke kaɗai," ya ce mata a bakin ƙofa. "Ban shirya duniya ta ga Babana ba tukuna."

"Na yi maka alkawari, Mai Haƙora."

Sunan ya bi shi daga ranar. Shi kuma ya sa mata Zinariya. Suka riƙa haɗuwa a bakin kogi bayan an tashi aiki, suna cin biskit ɗin cittar garinmu, suna musu a kan wane kore ne ya fi kama da ciyawar gaske. Kowace safiya saƙonsa ke tashinta:

"Zinariyata, yau na haɗa wa wata tsohuwa haƙora. Da ta yi murmushi sai na tuna naki, na ga aikina bai yi ba."

Ita kuma ta mayar:

"Daɗin baki ba zai hana ka rubuta mana shafi ba. Amma ci gaba, ina ji."

A gida fa labarin bai yi daɗi ba. Malam Bohumil ya ajiye cokali ranar da ya ji.

"Wannan yaron? Wanda ya zage ni a gaban jama'a?"

"Baba, ai ya ba da haƙuri."

"Haƙurinsa zai cika min shafi? Ga Ctibor nan, mutum mai natsuwa, duk wata sai ya kawo min kashi ɗaya cikin uku na mujallar nan. Ya daɗe yana son ki, ke ce ba kya kallonsa."

Ctibor shi ne mai shagon ƙananan jirage na kan titin kasuwa, shi ke rubuta sharhin sababbin kaya. Yakan shigo ofis da furanni da ƙamshin turare mai hawa kai, ya zauna a kujerar Vendula kamar tasa.

"Baba, kana so in auri mutum saboda shafi?"

"Ban ce ki aure shi ba. Cewa na yi ki yi tunani."

Mahaifiyarta, Jarmila, ta kwashe kwanuka tana cewa, "Ni dai jiragen nan sun ishe ni. A tebur jirgi, a gado jirgi, yanzu har auren 'yata jirgi."

Da kaka ta shigo, gwaggon Vendula da ke garin Ostrava ta karye a ƙugu, dole ta tafi jinya. Makon kai mujalla maɗaba'a ne, mahaifinta ya ce ta tafi, shi da Ctibor za su ƙarasa shafukan.

Ranar da mujallar ta fito, Radim ya tsaya a ɗan shagon jaridu na tasha kan hanyarsa ta zuwa aiki. Ya miƙa hannu zai ɗauka, hannun ya tsaya a iska.

Babansa ne a bangon mujallar. Jar hular, hannun a ɗage. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Sabon aikin Baba Zavadil.

Ya buɗe ciki. Cocin, shagon, shanyar, duka suna nan, shafi bayan shafi, da dogon bayani na yadda wai Zavadil ya kwashe shekaru yana gina su. Mai shagon ta tambaye shi ko lafiya, bai ji ta ba.

Vendula na ba gwaggonta shayi saƙon ya shigo:

"Na ga mujallar. Ashe shafi kika zo nema a ɗakin saman, ba ni ba. Da kin tambaya da na ba ki komai, ban da Babana. Kada ki kira ni."

Ta karanta ta sake karantawa ba ta gane ba. Ta kira, a kashe. Ta fita da gudu zuwa shagon jaridu na unguwar, ta ga bangon, ta zauna a kan dakalin shagon.

Washegari Lahadi ta bar gwaggo a hannun maƙwabciya ta hau jirgin safe. Ko jaka ba ta ajiye ba ta jefa mujallar a kan teburin cin abinci.

"Baba, mene ne wannan?"

"Aikin wani mai sayayya ne a shagon Ctibor. Ya ce mutumin ba ya son a sa sunansa."

"Aikin Radim ne! Hotunana ne, daga kwamfutata aka ɗauke su! Mutumin da ke bangon nan mahaifinsa ne da ya rasu!"

Fuskar Malam Bohumil ta yi fari fat. Ya laluba kujera ya zauna.

"Ban sani ba, Vendula. Na rantse ban sani ba."

"To na ji. Amma ka san ba na Baba Zavadil ba ne. Ya aka yi ya yarda a liƙa masa aikin wani?"

Mahaifinta ya dubi mahaifiyarta, ita kuma ta dubi tukunya.

"Zavadil bai san an yi ba," ya ce a ƙarshe. "Tun sanyin shekarar da ta wuce waccan ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ko cokali ba ya iya riƙewa. Ni nake rubuta shafinsa."

Vendula ta dafe bango. "Kai? Duk rubutun nan da nake tsarawa, da kake cewa ya aiko maka?"

"Masu karatu sunansa suke nema. In babu Zavadil, wa zai saya?"

"To Malam Hruby fa? Shi ma kai ne?"

"Hruby ya daɗe da komawa wurin 'yarsa a ƙasar waje. Ya ce ya gaji."

"To wa ke rubuta yadda ake haɗa bishiyoyi da ciyawa duk wata?"

Jarmila ta goge hannu da tsumma, ta ƙi ɗago kai. "Ni ce."

"Mama! Ke da kike cewa jirage sun ishe ki?"

"Sun ishe ni mana. Bishiyoyin ne ba su ishe ni ba."

Vendula ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Mujallar da ta tashi a cikinta, wadda take zaton manyan marubuta huɗu ke riƙe da ita, ashe babanta ne da mamarta da mutumin da ya saci hotunanta.

"Me ya sa ba ku nemi sababbin mutane ba?"

"Na yi ta roƙo a shafin farko, ba wanda ya aiko," in ji mahaifinta da muryar da ba ta taɓa jin sa da ita ba. "Kowa sai ya karanta ya yi tsaki."

Ya miƙe ya ɗauki kwat ɗinsa. Ya ce duk Lahadi da rana yakan je ya karanta wa Zavadil mujalla, yau kuma bai san da wane ido zai kalle shi ba. Vendula ta ce ƙafarta ƙafarsa.

A daidai lokacin Radim na tsaye a ƙofar tsohon gidan Zavadil, mujalla a naɗe a hannunsa, ya zo ya ji dalilin da dattijon da yake girmamawa tun yana yaro zai ɗauki aikin wani. Wani maƙwabci ya leƙo ta taga.

"Zavadil? Ai ya daɗe da barin nan. Yana gidan kula da tsofaffi na bakin kogi."

Ya tafi can da fushinsa. Ma'aikaciya ta kai shi wani ɗaki mai kallon lambu, ta nuna masa wani tsoho a keken guragu, an rufa masa bargo a gwiwa, gefen bakinsa ya karkace, hannunsa na dama kwance kamar ba nasa ba.

Duk maganar da Radim ya tanada ta gudu.

Tsohon ya ga mujallar, ya yi alama da ido. Radim ya buɗe masa a kan bargo. Zavadil ya daɗe yana kallo, ya kai hannun hagu da ƙyar ya taɓa ɗan mutumin mai jar hula.

"Ba... nawa... ba," ya ce, kalmomin na fita ɗaya-ɗaya. "Wa... ya yi?"

"Ni ne, Baba. Ni da mahaifina."

Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar tsohon. "Kyau," ya ce. "Kyau."

Radim ya durƙusa a gaban keken. A haka Vendula da mahaifinta suka same shi.

Malam Bohumil ne ya fara magana, ya cire hula ya faɗi komai a tsaye, bai rage ba, bai kare kansa ba. Ya faɗi na Zavadil, ya faɗi na Hruby, ya faɗi yadda Ctibor ya kawo hotunan a makon da Vendula ba ta nan.

"Ita ba ta san komai ba," ya ce. "In akwai wanda za ka tsana, ga ni."

Radim ya juya ya dubi Vendula. Idonta ya kumbura don kuka.

"Zinariya..."

"Ko tambayata ba ka yi ba," ta ce. "Ka yanke min hukunci, ka kashe waya."

"Na ga Babana a shagon jaridu da sunan wani, hankalina ya fita. Ki yafe min."

"Zan yi tunani, Mai Haƙora."

Jin sunan kawai ya sa ya saki numfashi. Baba Zavadil ya bubbuga hannun kekensa, ya nuna Bohumil da yatsa, ya nuna mujallar.

"Gyara," ya ce.

Washegari Ctibor ya shigo ofis da furanninsa, ya tarar da Vendula da mahaifinta da Radim suna jiransa. Bai ma musa ba. Ya ce ya ceci mujallar ne a makon da babu abin bugawa, kuma ai hotuna a kwamfutar ofis na ofis ne.

"Ka san na waye," in ji Vendula. "Sunansa na jikin fayil ɗin."

Ctibor ya juya wurin mahaifinta. "Malam Bohumil, ka yi tunani da kyau. In na fita ƙofar nan, da shafukana zan fita. Da me za ka cika su? Da haƙoran roba?"

Malam Bohumil ya dubi tarin tsofaffin fitowa da ke jere a kanta, aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya je ya buɗe ƙofar da kansa.

"Ka tafi da furannin ma," ya ce.

Fitowar da ta biyo baya ita ce mafi siranta tun da aka kafa mujallar. A shafin farko edita ya faɗa wa masu karatu gaskiya duka, ya nemi gafarar Radim da ta Zavadil. Radim ya yarda aka sake buga ƙauyen, wannan karon da sunansa da na mahaifinsa. Shafin bishiyoyi ya fito da sunan Jarmila kanta. Shafukan Ctibor kuwa aka bar su fari, da layi ɗaya a tsakiya: Nan wurinka ne.

Garin ya ɗauka. A ƙungiyar masu ƙananan jirage an yi mako ana cacar baki. Wasu tsofaffin masu saye suka ce an yaudare su, suka daina karɓa, kuma ba su dawo ba. Wani dattijo da ya yi shekaru yana yaba wa Hruby ya zo har gida ya ga Jarmila da idonsa, ya tsaya a ƙofa yana ta maimaita, "Mace? Ke ce Hruby?" har ta ba shi kofi ya zauna.

Malam Bohumil ya daina cin abinci sosai, yana jiran mujallar ta mutu. Sai ga saƙonni sun fara shigowa. Wata malamar makaranta daga garin Brno ta aiko da hoton gadar da ta gina da ashana. Wani direban bas ya aiko da bayanin yadda ake sa wa taragu tsatsar ƙarya. Kusan kowa da magana ɗaya yake farawa, wai da ya ɗauka wurin na manya ne, ba a karɓar irinsa. Rabin rubutun ba ya buguwa sai an yi masa aiki, Malam Bohumil na gyarawa yana mita, amma cokalinsa ya dawo aiki.

Wata Asabar ya ce a kai shi ya ga ƙauyen da idonsa. Ya hau matakalar ɗakin saman yana haki. Radim ya miƙa masa abin sarrafa jirgin. Dattijon ya murɗa, jirgin ya fito daga bayan dutse ya tsaya cak a tashar Lhotka.

"Baba," in ji Radim, "ina neman auren Vendula."

Malam Bohumil bai ɗauke ido daga jirgin ba. "Ita ka tambaya?"

"Ta ce ta gama tunani."

"To ni mene ne nawa? Amma ka sani, surukina ba ya tsaki a teburina. Kuma layin nan na bayan coci ya karkace."

"Haka yake a gaske, Baba."

"To bar shi," ya ce, ya jawo Radim ya rungume shi, har gilashinsa ya faɗi a kan gonar wani a ɗan ƙauyen.

An ɗaura auren a zauren hukumar gari farkon bazara. Daren jajibiri ba su ga juna ba, amma da safe saƙonsa ya riga ƙararrawar agogonta:

"Zinariyata, yau zan zo da wuri in tsaya inda za ki gan ni. In na kasa magana a gaban mutane, ki sani amsata e ce."

Ta mayar:

"Ka zo da bakinka, Mai Haƙora. Yau ina bukatarsa."

A ƙofar gidan cin abinci aka fasa faranti bisa al'adar garinmu, ango ya riƙe tsintsiya, amarya ta riƙe abin kwasa, jama'a na ta shewa suna watsa gutsattsarin da ƙafa. Aka ɗaure su da mayafi ɗaya suka sha miya da cokali ɗaya, rabi a baki rabi a riga. Jarmila ta yi wa kowane tebur ado da ƙananan bishiyoyinta, baƙi suka kwashe su kaf a aljihu.

An kawo Baba Zavadil a kekensa, an sa masa kwat da fure a ƙirji. Da aka zo yi wa ma'aurata fatan alheri, Malam Bohumil ya miƙe da kofi a hannu, ya buɗe baki, kuka ya ci ƙarfinsa, ya zauna. Sai tsohon ya yi alama a matso da su. Ya kama hannun Vendula da hannunsa mai lafiya, ya ɗora a kan na Radim, ya danne.

"Ku... zauna... lafiya," ya ce.

Zauren ya amsa gaba ɗaya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya bar su tare har tsufa.